Kangon Dala Biliyan Ɗaya A Tsakiyar Los Angeles: Laifin Korona Ne, Ko Da Ma Da Lauje Cikin Naɗi?

Me zai sa ginin da aka riga aka narka wa sama da dala biliyan ɗaya ya tsaya cak a tsakiyar ɗaya daga cikin biranen da suka fi arziki a duniya, ya yi kusan shekara biyar aiki a tsaye? Tambayar da ta cika bakunan mutane ke nan a farkon 2024, lokacin da hotunan wasu dogayen benaye uku na birnin Los Angeles a Amurka suka karaɗe intanet. Masu zanen fenti sun tsallaka shinge, sun hau hawa-hawa, sun rubuce barandojin aƙalla hawa 27 da sunayensu. Wasu ma har da hawa ƙololuwa su diro da lema. Duk wannan a daidai makon da ake bikin ba da kyautar Grammy ta mawaƙa a filin Crypto.com Arena, wanda titi ɗaya ne tsakaninsa da ginin.

Amsar da aka fi saurin bayarwa ita ce korona. Ana jin otal da ba a gama ba, ko fili da aka haƙa tushe aka bari, sai a ce ai annoba ce. Da gaskiya a cikin wannan amsa, amma ba ta cika ba, kuma rashin cikarta yana wanke mutanen da bai kamata a wanke ba. Domin aikin wannan gini ya tsaya ne a watan Janairun 2019, wata 14 kafin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana korona a matsayin annobar duniya ranar 11 ga Maris, 2020.

Wane gini ne, kuma na wa ne?

Sunansa Oceanwide Plaza, yana kan titin Figueroa, dab da babban zauren taro na birnin. Kamfanin Oceanwide Holdings na ƙasar Sin, wanda attajiri Lu Zhiqiang ke jagoranta, shi ya fara aikin a 2015. Benaye biyu masu hawa 40 ne, sai na uku mai hawa kusan 50. An tsara gidajen alfarma 504 na sayarwa, da shaguna a ƙasa, da otal ɗin Park Hyatt mai ɗaki 184. Babban ɗan kwangilar shi ne Lendlease, kamfanin ƙasar Ostireliya.

Akwai abin da mutane da yawa ba su sani ba game da manyan otal-otal. Sunan da ke rubuce a ƙofa, ko Hyatt ne ko Hilton ko Marriott, galibi ba shi ne mai ginin ba. Wani daban ne ke sayen fili, ya ciwo bashi, ya yi gini, sannan ya ƙulla yarjejeniya da kamfanin otal ɗin ya ara masa suna ko ya gudanar masa da harkar, a riƙa yanka wa kamfanin wani kaso daga ciniki. Saboda haka idan gini ya tsaya, mai sunan ba ya asarar komai sai ribar da bai riga ya samu ba. Asarar tana kan mai gini, da bankin da ya ba shi rance, da 'yan kwangila, da garin da aka bar wa kangon.

Yadda ake haɗa kuɗin gina otal

Ba wanda ke gina irin wannan da kuɗin aljihunsa kaɗai. A al'ada mai gini yana kawo nasa jarin, sannan banki ya ba da rancen gini, wanda shi ne kaso mafi tsoka. Wannan rance ba a miƙa shi gaba ɗaya. Ana sakinsa ne kashi-kashi, bayan injiniyoyin banki sun duba sun tabbatar an kai matakin da aka yi alkawari. Wa'adinsa gajere ne, shekara uku zuwa biyar, kuma kuɗin ruwansa yawanci ba tsayayye ba ne, yana hawa da sauka tare da kasuwa. Idan an gama gini, otal ya fara aiki, ciniki ya daidaita, sai a karɓi wani rance mai dogon wa'adi a biya na farko.

Banki ya fi jin tsoron otal a kan kowane irin gini, kuma da dalili. Mai hayar ofis yana sa hannu a yarjejeniyar shekara goma. Mai hayar gida yana biyan na wata ko na shekara. Shi kuwa otal, kullum sai ya sake neman ɗan haya. Ɗakin otal kamar tumatir yake a hannun mai kayan gwari: wanda bai shiga yau ba ba a ajiye shi a sayar gobe, daren da ya wuce babu baƙo ya tafi ke nan. Shi ya sa masu harkar ba sa kallon kyan gini. Abu biyu suke aunawa, kaso nawa na ɗakuna ke cika a kowane dare, da matsakaicin farashin ɗaki. Idan ɗaya ya faɗi, lissafin rancen gaba ɗaya ya rushe.

A nan ne raunin Oceanwide yake. Ya fara gini ne da kuɗin da uwar kamfani ke turowa daga Sin da Hong Kong, ba tare da ya kammala haɗa rancen da zai kai aikin ƙarshe ba. Dogaronsa shi ne famfon gida ba zai ƙafe ba.

Igiyar ta fara tsinkewa ne daga Beijing

Tsakanin 2013 da 2016 kamfanonin Sin sun yi ta sayen kadarori a Amurka ba ji ba gani. Anbang ya sayi otal ɗin Waldorf Astoria na New York a kan dala biliyan 1.95 a 2014. Greenland ya fara katafaren aikin Metropolis a tsakiyar Los Angeles. Wani kamfani mai suna Wanda ya sayi fili a Beverly Hills. Shugabannin birane sun yi maraba da su hannu bibbiyu, domin a lokacin ba kowa ke da zuciyar zuba biliyan a tsakiyar gari ba.

Sai gwamnatin Sin ta ga kuɗi na tsiyayewa daga ƙasarta, darajar kuɗinta na yuan na raguwa. Daga ƙarshen 2016 ta fara matse fitar da kuɗi, kuma a watan Agustan 2017 ta fitar da ƙa'idoji da suka taƙaita zuba jari a ƙasashen waje a fannin gidaje, otal-otal, kamfanonin fina-finai da kulob-kulob na wasanni. A 2018 gwamnati ta karɓe ragamar Anbang, kamfanin Wanda kuma ya sayar da filinsa na Beverly Hills. Oceanwide ya ci gaba da lallaɓawa har ya kai benayensa ƙololuwa, sannan kuɗi ya yanke. 'Yan kwangila suka fara shigar da takardun da'awa a kan ginin saboda miliyoyin dalolin da suke bi. An ɗan taɓa aiki kaɗan-kaɗan bayan haka, bai ɗore ba.

Wato iska ta zo ta tarar da kaba na rawa.

To, me korona ta yi ke nan?

Bari mu fara da abin da ba ta yi ba. A Los Angeles dokar zaman gida ba ta hana aikin gini ba. Birnin Boston ya dakatar da gine-gine a tsakiyar Maris 2020, New York ta bi sahu a ƙarshen watan, amma hukumomin Los Angeles sun sa gini cikin ayyukan da ba a rufewa. Filin wasa na SoFi, wanda ya ci biliyoyin daloli, a cikin annobar aka kammala shi, aka buɗe a Satumban 2020. Don haka ba wata doka da ta hana Oceanwide komawa bakin aiki.

Abin da annobar ta yi shi ne toshe ƙofar ceto. Kamfanin da kuɗi ya yanke masa yana da mafita biyu: ya samo sabon rance, ko ya sayar da wata kadara ya ƙarasa wata. Oceanwide yana da wani babban aiki a San Francisco, Oceanwide Center, wanda aka tsara zai ƙunshi otal ɗin Waldorf Astoria. A Janairun 2020 ya sanar da cinikin sayar da shi a kan kimanin dala biliyan ɗaya. Cinikin ya wargaje a Maris. Aka sake ƙulla wani da kamfanin Hony Capital, aka yi ta ɗage ranar kammalawa saboda annoba ta hana tafiye-tafiye da binciken kadarar, har shi ma ya mutu a ƙarshen shekarar. Kuɗin da zai iya farfaɗo da aikin Los Angeles ke nan suka bi iska, aka wayi gari kango biyu a birane biyu.

Batun sabon rance kuwa, wa zai ba da shi a 2020? A 2019 kimanin kashi 66 cikin 100 na ɗakunan otal a Amurka ke cika. A watan Afrilun 2020 adadin ya faɗo ƙasa da kashi 25, kuma shekarar gaba ɗaya ta ƙare a kashi 44, mafi muni tun da aka fara ajiye wannan ƙididdiga. A wannan wata na Afrilu kaɗai, fannin otal-otal, gidajen abinci da wuraren shaƙatawa ya yi asarar guraben aiki miliyan 7.7. A duniya baki ɗaya masu tafiya daga ƙasa zuwa ƙasa sun ragu da sama da kashi 70.

Kuma ba duka otal-otal ne suka sha wuya daidai ba. Ƙananan masaukan bakin hanya da na bakin teku sun farfaɗo da wuri, saboda iyalai sun koma tafiya da motocinsu. Wanda ya fi jigata shi ne babban otal na tsakiyar gari, domin abokan cinikinsa iri uku ne, kuma duka ukun sun ɓace a lokaci guda: ma'aikacin kamfani da aka turo aiki, mahalarta manyan taruka, da baƙon ƙasar waje. Zauren taron Los Angeles, wanda otal-otal ɗin titin Figueroa suka dogara da shi, sai da aka jera gadajen marasa lafiya a cikinsa a Maris 2020. Baje kolin wasannin kwamfuta na E3, da ke cika otal-otal ɗin unguwar duk watan Yuni, an soke shi a shekarar, bai sake dawowa zauren ba, kuma a Disambar 2023 aka sanar da rufe shi kwata-kwata. Baƙi daga Sin, waɗanda kafin annoba suke haura miliyan ɗaya a shekara a Los Angeles, sun ɗauke ƙafa. Amurka ba ta buɗe musu ƙofa sosai ba sai Nuwamban 2021, ita kuma Sin ba ta saki tata ƙofar ba sai Janairun 2023. Su ne kuwa ake sa ran za su kwana a Park Hyatt, wasunsu su sayi gidajen sama.

A can gida ma abin ya ƙara dagulewa. A Agustan 2020 hukumomin Sin suka kafa wa kamfanonin gine-gine iyakoki uku na cin bashi, katafaren kamfanin gine-gine na Evergrande ya kasa biyan bashinsa a ƙarshen 2021, kasuwar gidaje ta shiga mawuyacin hali. A 2023 wata kotu a Bermuda ta ba da umarnin rufe reshen Oceanwide da ke kasuwar hannun jari ta Hong Kong.

Annoba ta tafi, tsada ta zauna

Da a ce matsalar rashin baƙi ce kawai, da an koma aiki a 2022, domin a lokacin tafiye-tafiye sun fara dawowa. Amma wani abu ya riga ya canza. Rufe masana'antu da cunkoson jirage a tashoshin ruwa sun tayar da farashin kayan gini. Katako, wanda kafin annoba yake wajen dala 400 a ma'aunin da ake cinikinsa, ya haura dala 1,600 a Mayun 2021. Ƙarfe, tagulla, gilashi da na'urorin lantarki duk suka tashi, ƙwararrun ma'aikata suka yi ƙaranci.

Don shawo kan hauhawar farashi, babban bankin Amurka ya ƙara kuɗin ruwa sau 11 tsakanin Maris 2022 da Yulin 2023, daga kusan sifili zuwa tsakanin kashi 5.25 da 5.5. Ga misali don a ga nauyin abin. A ce mai gini ya ci rancen dala miliyan 500. Idan ruwan kashi 4 ne, zai biya miliyan 20 a shekara. Idan ya koma kashi 9, miliyan 45 ke nan, kuma duk wannan kafin baƙo ɗaya ya kwana a ginin. Sannan a Maris 2023 bankunan Silicon Valley da Signature suka durƙushe, sauran matsakaitan bankuna, waɗanda su ne suka fi ba da rancen gini, suka ja baya. A wannan watan ne aka dakatar da ginin otal ɗin Dream a Las Vegas, wanda bayan annoba ma aka fara shi, a 2022. A ganina wannan mataki na biyu ya kashe ayyuka fiye da watannin kulle kansu, sai dai da yake ba a ganin kuɗin ruwa da ido kamar yadda aka ga titunan da babu kowa, ba a cika ambatarsa ba.

Tsakiyar garin da aka yi lissafi a kanta ba ita ce ta yau ba

Wannan ne tabon da ya fi daɗewa. Tsakiyar biranen Amurka an gina ta ne a kan ma'aikacin ofis da ke shigowa da safe ya fita da yamma, kwana biyar a mako. Shi ke sayen abincin rana, shi ke shiga jirgin ƙasa, dominsa baƙon kamfani ke sauka a otal na kusa. Korona ta koya wa kamfanoni cewa ana iya aiki daga gida, kuma da yawa ba su koma yadda suke ba. Ƙididdigar katin shiga ofis da kamfanin Kastle ke tattarawa a manyan birane goma ta daɗe tana yawo a wajen rabin yadda take kafin annoba.

Sakamakon ya fito fili a Los Angeles. A Fabrairun 2023 kamfanin Brookfield, wanda a lokacin ya fi kowa mallakar ofisoshi a tsakiyar birnin, ya kasa biyan bashin da ke kan manyan benayensa biyu. Ɗaya daga cikinsu, Gas Company Tower, wanda 'yan shekaru kafin nan aka yi wa kuɗi sama da dala miliyan 600, gwamnatin gundumar Los Angeles ta saye shi a 2024 a kan kimanin miliyan 200. Otal ɗin Standard na tsakiyar gari ya rufe a farkon 2022, Ace kuma ya bar gininsa a Janairun 2024. A San Francisco abin ya fi haka: a Yunin 2023 kamfanin Park Hotels ya daina biyan bashin dala miliyan 725 da ke kan otal biyu, Hilton Union Square da Parc 55, masu ɗakuna kusan 3,000 a haɗe, ya sakar wa masu bin bashi.

Duk mai niyyar sayen kango irin na Oceanwide zai yi wa kansa tambaya mai sauƙi. Idan ana sayar da kammalallen gini a kan kashi ɗaya cikin uku na tsohon farashinsa, don me zai sayi wanda ba a gama ba ya ƙara zuba masa biliyan?

Amma ai wasu sun gama nasu

Sun gama kuwa, kuma wannan ce hujja mafi ƙarfi a kan masu ɗora wa annoba komai. A cikin tsakiyar garin nan dai, kamfanin Related ya fara ginin The Grand, zanen shahararren mai zanen gine-gine Frank Gehry, a farkon 2019, kusan daidai lokacin da Oceanwide ya tsaya. Shi ma da jarin wani kamfanin Sin a ciki. Bambancin shi ne an kammala haɗa kuɗin aikin kafin a sa diga a ƙasa. Aka yi ta gini a tsakiyar annoba, otal ɗin Conrad da ke ciki ya buɗe a 2022. Haka Wilshire Grand, bene mafi tsawo a birnin, wanda ya buɗe a 2017: da bashinsa ya zo biya a 2020 ba baƙi, kamfanin jiragen Korean Air, wanda shi ne uwar mai ginin, ya ranta masa dala miliyan 950 ya tsallake. Gari ɗaya, annoba ɗaya, amma wanda ya shiga da cikakken kuɗi ko da mai tsaya masa ya fita.

Me ya sa tayar da kango ke da wuya?

Mai kallo daga titi zai ga an gama kankare, an sa gilashi, ya ɗauka saura fenti. Ba haka ba ne. An ƙiyasta cewa aikin Oceanwide Plaza ya tsaya ne a wajen kashi 60, kuma ƙarasa shi zai ci kimanin wata dala biliyan ɗaya. Abin da ya rage shi ne mai tsada: wayoyin lantarki, famfo, na'urorin sanyaya iska da na kashe gobara, lif, da ƙawata ɗakuna. Ruwan sama yana shiga inda ba a rufe ba, ƙarfe na tsatsa, ɓarayi na kwashe wayar tagulla. Izinin gini yana ƙarewa, garantin kayan da aka riga aka kafa yana wucewa, sabon ɗan kwangila kuma ba zai ɗauki alhakin aikin da ba shi ya yi ba sai an buɗe an sake dubawa.

Sai rikicin shari'a. A dokar Amurka, wanda ya yi aiki a gini ba a biya shi ba yana iya rataya da'awarsa a kan ginin kansa, ba za a sayar ba sai an warware ta. Idan masu da'awa sun yi yawa, sai a shiga jayayyar wa za a fara biya, banki ko ɗan kwangila. A Fabrairun 2024 Lendlease da wasu masu bin bashi suka kai reshen kamfanin da ke riƙe da ginin kotun karyewar arziki domin a tilasta sayarwa.

Tarihin otal ɗin Fontainebleau na Las Vegas ya nuna yadda irin wannan ke ƙarewa. An fara shi a 2007, ya tsaya a 2009 bayan an kashe kusan dala biliyan 2. Attajiri Carl Icahn ya saye shi a 2010 a kan kimanin miliyan 150, ya ajiye, ya sayar a 2017 a kan miliyan 600. Sabbin masu shi suna shirin ƙarasawa korona ta tsayar da su a Maris 2020. Aka sake sayarwa a 2021, sai a Disambar 2023 ya buɗe, shekara 16 bayan fara shi. Kango ba ya tashi sai farashinsa ya faɗi har masu kuɗin farko sun haƙura da asararsu, kuma ba mai haƙura da wuri.

Inda ɓangarori suka sha bamban

Masu gine-gine da ƙungiyoyin masu otal suna cewa birnin ne ke korar jari. Suna nuni da harajin da ya fara aiki a Afrilun 2023, kashi 4 a kan cinikin kadarar da ta haura dala miliyan 5 da kashi 5.5 a kan wadda ta haura miliyan 10, da kuma dokar 2025 da za ta kai mafi ƙarancin albashin ma'aikatan otal dala 30 a awa, da jinkirin ba da izini. Ƙungiyar ma'aikatan otal ta Unite Here, wadda ta yi yajin aiki a 2023, tana mayar da martani cewa mai gyaran ɗaki ba ta iya biyan hayar gida a garin da take aiki, kuma ba albashinta ne ya tsayar da gini a 2019 ba.

Masu fafutukar gidaje suna da tasu tambayar. A gundumar da aka ƙirga marasa matsuguni sama da 75,000 a 2024, da yawansu a unguwar Skid Row da ba ta da nisa da wurin, don me gwamnati ba za ta ƙwace benayen ta zuba mutane ba? Tambaya ce ta tausayi, kuma na fahimce ta. Amma biliyan ɗin ƙarasawa tana nan ko wa ya karɓa, ga masu bin bashi da doka ta ba haƙƙi. Abin da ya yi aiki shi ne sayen otal-otal da aka riga aka gama. Jihar Kalifoniya ta yi haka tun 2020 a shirinta na Homekey, birnin kuma ya sayi otal ɗin Mayfair a 2023 don wannan manufa.

Ni inda nake ganin gazawar hukuma daban ne. Birnin ya yi shekaru yana zawarcin otal-otal kusa da zauren taronsa, har yana yafe wa wasu wani kaso na haraji, amma ya ba da izinin tayar da benaye uku a kan ɗaya daga cikin manyan titunansa ba tare da wani lamuni a hannu da za a taɓa idan mai gini ya gaza ba, ko da na shinge da gadi ne. Kuma ba za a manta ba cewa José Huizar, kansilan da ya wakilci tsakiyar garin a shekarun da ake wannan rububi, kuma ya shugabanci kwamitin tsara gine-gine, an yanke masa ɗaurin shekara 13 a Janairun 2024 saboda karɓar na goro daga wasu masu gine-gine. Shari'ar ba ta ginin Oceanwide ba ce, amma ta nuna inda hankalin mai sa ido yake a lokacin.

Wa ke ɗaukar nauyin?

Na farko su ne ƙananan 'yan kwangila. Babban kamfani yana da lauyoyi da ƙarfin jiran shekaru a kotu. Mai ƙaramin kamfanin walda ko na famfo, wanda ya sayo kaya bashi ya biya ma'aikata daga aljihunsa, ba shi da wannan ƙarfin. Bayansu akwai aikin da ba a samar ba: masu gyaran ɗaki, masu girki, masu wanki, masu gadi, direbobi. Galibin masu irin wannan aiki a biranen Amurka baƙin haure ne da 'ya'yansu, kuma da albashin nan ake aika kuɗi gida. Sai masu shaguna da gidajen abinci na kewaye, da suka kama haya da tsada saboda an ce musu ɗaruruwan iyalai na nan zuwa.

Sannan mai biyan haraji. Los Angeles na karɓar kashi 14 a kan kowane ɗakin otal da aka kwana, kuɗin kuma yana shiga asusun da ake biyan 'yan kwana-kwana, gyaran titi da kwashe shara. Otal da bai buɗe ba bai biyan ko sisi, ofisoshin da darajarsu ta faɗi kuma harajinsu na raguwa. A maimakon shiga, kuɗi fita suka yi. Cikin makonnin farko bayan zanen fentin, 'yan sandan birnin sun kashe sama da awa 3,000 suna gadin ginin wani kamfani mai zaman kansa, awoyin da aka ɗebo daga sintirin wasu unguwanni. Majalisar birni ta ware kimanin dala miliyan 3.8 domin shinge da tsaro, da niyyar karɓo su daga mai ginin, wanda a lokacin ya riga ya shiga hannun kotu. A 2025 birnin ya fuskanci giɓin kasafin kuɗi na kusan dala biliyan ɗaya, ga shi kuma zai karɓi baƙuncin wasannin Olamfik a watan Yulin 2028, inda za a yi wasu daga cikin wasannin a filin da ke tsallaken titin Figueroa.